Ɗakin Can Sama

A birnin Shefild da ke arewacin Ingila akwai unguwanni masu jerin gidaje na bulo, kowane gida manne da ɗan'uwansa, bango ɗaya ya raba su. An gina akasarinsu a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 domin ma'aikatan masana'antun ƙarfe, waɗanda birnin ya yi suna da su. Tsarinsu kusan ɗaya ne: ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda a da ake zuba kwal, falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a bene, sa'an nan wani ɗaki guda can sama a ƙarƙashin rufi. A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ne wani Bakatsine yake zaune da iyalinsa. Yana koyar da ilmin ƙididdiga a wata jami'a, don haka kowa a gidan Malam yake ce masa.

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2022 matarsa ta haihu, haihuwa ta uku. Tun kafin nan surukarsa ta iso daga Katsina domin kula da mai jego, kamar yadda aka saba. Dattijuwa ce da ta haura shekara 70, wadda ba ta taɓa barin ƙasar Hausa ba in ban da zuwa aikin Hajji. Malam ya ware mata ɗakin can sama, saboda ya fi kowanne shiru, kuma ya fi nisa da nasa, abin da ya dace da surukuta. Ya sayi sabon bargo da sabuwar darduma, ya sa aka kai mata. Tun daga ranar da ta shiga ɗakin, ƙafarsa ba ta sake taka matakalarsa ba. Kullum da safe idan ta sauko kicin, yakan rusuna daga bakin ƙofa, kansa a sunkuye, ya gaishe ta.

"Hajiya, ina kwana? Ya baƙunta? Ya sanyi?"

"Lafiya lau, Malam. Sanyi lokacinsa ne. Allah ya yi albarka."

Daga nan sai ya dubi ɗan ma'aunin zafi da ke manne a bangon zaure, ya ga ya nuna digiri 20, ya ɗauki jakarsa ya fita da kwanciyar hankali. Ya ji daga bakin Hajiya, ya kuma gani a ma'auni. Ga mutumin da sana'arsa alƙaluma ce, shaida biyu sun isa.

Kafin a ci gaba, yana da kyau mai karatu ya san yadda ake ɗumama irin wannan gida, domin abu ne da ba a saba da shi a ƙasar Hausa ba, inda maganin hunturu bai wuce kaskon wuta da bargo ba. A kicin akwai wata tukunya manne da bango, girmanta kamar akwatin tufafi, wadda ke ƙona iskar gas ta dafa ruwa har ya kai digiri 60 ko 70. Wani ɗan inji da ke cikinta ne ke tura ruwan cikin siraran bututai na jan ƙarfe, masu faɗin milimita 15, waɗanda aka bi da su ƙarƙashin katakon daɓe. A kowane ɗaki bututun yakan ɓullo ya shiga wani faffaɗan ƙarfe mai kogo a ciki, wanda aka kafa a jikin bango. Sunan wannan ƙarfe a Turanci ɗaya ne da na abin da makanikanmu ke kira lagireto, kuma aikinsu ɗaya ne: ruwan zafi ya ratsa ƙarfe, ƙarfe ya miƙa zafin ga iska. Bambancin shi ne, a mota neman rabuwa da zafin ake yi, a gida kuwa shi ake so. Idan ruwan ya huce sai ya bi wani bututun ya koma tukunya a sake dafa shi. Ruwa ɗaya ne ke ta wannan zagaye shekara da shekaru.

Kowane lagireto yana da bawul 2, ɗaya a kowane gefe daga ƙasa. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa hura tayar keke. Na farko yana da kai da ake murɗawa da hannu, a buɗe wa ruwa hanya ko a rufe. Na biyu kuwa an rufe shi da 'yar hular roba, ba a taɓa shi sai da sifana, kuma akasarin masu gidaje ba su san dalilin da ya sa aka ajiye shi ba. A gidan Malam akwai lagireto 7, ke nan bawul 14.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Wani ɗan kasuwa mai suna Franz San Galli, mazaunin birnin San Fitasbag na Rasha, yana cikin waɗanda ake danganta wa ƙirƙiro lagireton ɗumama gida, wajen shekarar 1855. Amma ta daɗe ba ta shiga gidajen talakawan Ingila ba, waɗanda suka ci gaba da ƙona kwal a murhun bango. Hayaƙin kwal ɗin ne ya haddasa baƙin hazon da ya lulluɓe Landan a watan Disamba na 1952, ya hallaka dubban mutane, abin da ya kai ga kafa dokar tsabtace iska a 1956. Daga bisani aka gano iskar gas a Tekun Arewa, aka kuma sauya na'urorin gidajen ƙasar zuwa gare ta tsakanin 1967 da 1977. A shekarar 1970 kimanin gida 3 cikin 10 ne kawai ke da irin wannan ɗumamawa a Birtaniya, yau kuwa sun haura 9 cikin 10. A cikin wannan guguwa ta shekarun 1970 aka shigar da bututai gidan da Malam ya saya. Masu gidan na baya sun canja tukunya, sun canja fenti, amma bawul-bawul ɗin suna nan yadda aka ɗaura su kusan shekara 50 da suka wuce. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Hunturun 2022 ya zo wa mutanen Birtaniya da nauyi biyu. Bayan da Rasha ta mamaye Yukiren a watan Fabrairu, farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnati ta sa baki ta tsayar da kuɗin makamashi na matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara, kusan ninkin na bara. Sa'an nan a mako na biyu na Disamba sanyi ya sauka gadan-gadan, ya yi wajen kwana 10 ruwa yana daskarewa a kan titi. Malam, kamar kowa, ya riƙa lissafi. Ya rage awoyin kunna tukunya, yana mai dogaro da cewa muddin ma'aunin zaure bai sauka ƙasa da 18 ba, to babu wanda zai cutu.

Babbar 'yarsa, 'yar shekara 7, ita ta tona asiri. Suna cin abincin dare sai ta ce, cikin murna irin ta yara, "Baba, ɗakin Kaka ya fi ko'ina daɗin wasa. Idan ka yi magana sai hayaƙi ya fito daga bakinka." Hajiya ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da jijjiga jariri. Matar Malam ta dube shi, shi kuma ya ajiye cokali. A nan ne ya tuna da ɗan tarin da yake jiyowa daga sama da asuba, wanda ya ɗauka na canjin iska ne.

Bai iya tambayarta kai tsaye ba. Ta bakin matarsa ya nemi izinin shiga, bayan Hajiya ta koma falo. Abin da ya tarar ya ishe shi bayani. An cusa zane a ƙasan taga. An shimfiɗa sabuwar dardumar a kan bargo don ta ƙara nauyi. Raɓar da ke jikin gilashi ta daskare daga ciki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan lagireton, ya ji shi kamar randa da asuba. Ya sauka ya ɗauko wani ɗan ma'auni ya ajiye a kan gado, bayan 'yan mintoci ya nuna digiri 9. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ɗakin zama ya gaza 18 a lokacin sanyi, kuma tsofaffi sun fi kowa buƙatar haka. Mako uku ke nan dattijuwar tana kwana a wannan hali, tana sauka da asuba ta haɗa wa 'yarta ruwan wankan jego mai zafi, ba ta ce uffan ba.

A daren aka sauko da ita ɗakin yara, duk da ta yi ta cewa ba sai an wahala ba. Malam kuma ya koma sama ya kama kan bawul ɗin ya murɗa. Ko motsi bai yi ba. Ya kawo filaya ya ƙara ƙarfi, sai ya ji wani ɗan ƙara, kan ya juya kaɗan, ruwa ya fara ɗiga daga wuyansa. Maimakon gyara, ya ƙara ɓarna. Ya tara kwano, ya kwana yana hawa yana zubarwa. Da gari ya waye ya bugo wa masu gyaran famfo waya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce sai bayan mako biyu, domin sanyin ya fasa bututai a gidaje da yawa.

Maƙwabcinsa na hannun dama wani tsoho ne Bature, wanda ya kusa shekara 80, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai. Gaisuwa kawai ke haɗa su. Shi ne ya ga Malam yana zubar da baƙin ruwa a bayan gida, ya leƙo ta kan katanga ya tambayi abin da ya faru. Ashe ya yi shekara 40 yana aikin famfo kafin ya yi ritaya. Ya shigo, ya hau matakala a hankali yana hutawa, ya duba bawul ɗin, ya kankare wani koren abu da ya taru a jikinsa, ya yi dariya.

"Samari, wannan ƙila ma ni na ɗaura shi, kafin a haife ka. Ka ga wannan kore? Shaidar yoyo ce. Ya daɗe yana tsiyaya kaɗan-kaɗan, zafi yana busar da ruwan kafin a gani. Zo mu duba sauran."

Suka zagaya. Cikin 14, da ƙyar aka sami 4 masu juyawa. Tsohon ya nuna masa wata allura a gaban tukunya, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5, amma ta faɗi kusa da sifiri. Ya bayyana masa cewa idan ruwa ya ragu, iska ce ke maye gurbinsa, ita kuwa iska kullum sama take nema, don haka ɗakin da ya fi tsawo shi ke fara rasa ruwa. Ga kuma bawul ɗinsa da ya maƙale a kusan rufe. Ya ce a canja su gaba ɗaya, tunda dole a zubar da ruwan gidan ko don guda ɗaya ne. Sai ya ɗaga hannuwansa, yatsun duk sun kumbura sun lanƙwashe saboda ciwon gaɓoɓi.

"Ni ba na iya riƙe sifana yanzu. Kai za ka yi, ni in zauna in kalla. Sharaɗi ɗaya: ba za mu buɗe murfin tukunya ba. Wannan aikin masu rajistar Gas Safe ne, doka ce. Abin da ya shafi ruwa kuwa, namu ne."

Ya rubuta masa jerin kayan da zai sayo. Sabbin bawul ɗin da ya zaɓa masu sarrafa kansu ne, irin waɗanda Mads Clausen, wanda ya kafa kamfanin Danfoss a ƙasar Danmak, ya ƙirƙiro a 1943, suka kuma yaɗu a Turai bayan tsadar man fetur ta 1973. A cikin kan kowanne akwai ɗan ƙoƙo mai ɗauke da kaki ko wani ruwa. Idan iskar ɗaki ta yi ɗumi sai abin ya kumbura, ya danna wani ɗan fil, fil ɗin ya toshe hanyar ruwa. Idan ɗaki ya huce sai ya tsuke, sifirin ya ɗago fil ɗin, ruwa ya wuce. An rubuta lambobi daga 1 zuwa 5 a jikinsa, kuma lamba 3 tana daidai da kimanin digiri 20. Guda 6 za a saya, ban da na zaure, domin a can ne ma'aunin da ke kunna tukunya yake, kada a sami masu ba da umurni biyu a ɗaki ɗaya. Sauran 8 kuwa masu hula ne. Da yamma tsohon ya sa aka kunna tukunya, ya bi ɗaki-ɗaki yana taɓa bututai, yana manna tef a kan wanda ya fara yin zafi, domin a san gefen da ruwa ke shiga.

Ranar Asabar aka yi aikin. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Shefild sai bayan ƙarfe 8, kuma kafin ƙarfe 4 ta faɗi, saboda haka lokaci kaɗan ne. Hajiya ta gama da wankan mai jego tun da asuba, sa'an nan aka kashe tukunya, aka cire mata wutar lantarki, aka bar ruwa ya huce. Mata da yara suka taru a falo, aka kunna musu 'yar hita, aka rufe ƙofa. Malam ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda mafi ƙanƙantar kan famfo yake, ya jona tiyo ya ja shi zuwa magudana. Da ya buɗe, sai ruwa ya zubo kaɗan ya tsaya. Tsohon ya miƙa masa wani ɗan makulli mai baki huɗu, ya ce ya hau sama ya buɗe 'yar kusar iska da ke saman kowane lagireto, ya fara daga na ƙoli ya gangaro. Ruwa ba ya fita daga rufaffen wuri sai iska ta sami hanyar shiga, kamar yadda mai tsiyaye mai daga gwangwani yake huda shi wuri biyu. Nan da nan tiyon ya cika. Ruwan baƙi ne wuluk kamar tawada, saboda garin tsatsar ƙarfe da ya taru shekara da shekaru.

Suka fara da na zaure. Tsohon ya ja kujera ya zauna, Malam ya durƙusa, ya shimfiɗa tsummoki, ya tara faranti. Darasi na farko shi ne riƙon sifana biyu: ɗaya ta riƙe jikin bawul ƙam, ɗaya ta kwance noti. Wanda ya yi da ɗaya, zai murɗe bututun da ke ƙarƙashin daɓe, ya mayar da aikin yini ɗaya na mako guda. Darasi na biyu shi ne wani ɗan zobe na tagulla da ke rungume da bakin bututu, wanda Turawa ke kira zaitun saboda ƙirarsa. Shi ne ainihin mai hana yoyo, domin idan aka ɗaure noti sai ya matse ya kama bututun. Tsohon zoben ya riga ya nutse, don haka sai da aka yi masa tsaga a hankali da ƙaramin zarto, aka sa sukuddireba aka fasa shi, ba tare da an ƙwarzane bututun ba. Bayan haka aka kwance guntun da ke shiga cikin lagireto, aka naɗe sabon da farin tef ɗin nan mai santsi na masu gyaran famfo, ana bin hannun da za a ɗaure, don kada ya warware.

Na farko ya ci musu kusan awa guda. Na biyu rabin haka. Kafin azahar hannun Malam ya faɗa, gwiwoyinsa sun yi tsami, ya kuma ɓata kafet ɗin ɗakin yara da sauran baƙin ruwan da ya maƙale a gindin lagireto. Duk lokacin da ya zo ɗaure noti sai tsohon ya ce, "Da hannu tukuna, har ya tsaya. Sa'an nan sifana, kaɗan. Idan ya yi yoyo za ka iya ƙarawa. Idan ka wuce gona da iri, babu komawa." Malam ya bi wannan a wuri 13. A na ƙarshe, wato na ɗakin Hajiya, tsohon bai iya sake hawa ba. Malam yana shi kaɗai, yana kuma so a ce wannan ya fi kowanne kyau, sai ya ɗaure shi iya ƙarfinsa.

Da la'asar aka rufe kusoshin iska, aka zuba maganin hana tsatsa, aka buɗe ruwa har allura ta hau 1.5. Malam ya bi da makulli yana fitar da iska, wannan karon daga ƙasa zuwa sama, yana jin tana fita fuu har ruwa ya biyo, yana komawa ya ƙara ruwa. Tsohon ya ba shi takardar goge hannu ya ce ya shafa kowace mahaɗa, domin ido ba ya ganin abin da takarda ke gani. Duk sun bushe, sai na can sama. Ƙarfin da ya yi ya lanƙwasa zoben. Allah ya taimake shi, da yake shi ne na ƙoli, ruwa kaɗan aka rage aka canja zobe. Wannan karon ya ɗaure da ladabi.

Aka kunna tukunya bayan magariba. Cikin minti 10 lagireton kicin da na falo suka yi zafin da ba a iya taɓawa. Na bene suka yi ɗumi. Malam ya haye sama da gudu, ya taɓa, ya ji da ƙyar ya fi jikin mutum. Gwiwarsa ta yi sanyi. Ya sauko ya nufi tukunya zai ƙara mata wuta.

"Tsaya, samari," in ji tsohon. "Wutar ta isa. Ka ƙara, na ƙasa ne za su ƙara shanyewa, kai kuma ka biya. Ruwa malalaci ne, hanyar da ta fi kusa yake bi. Yana fita daga tukunya ya ga ƙofar kicin a wangale, me zai kai shi hawa bene biyu? Yanzu ne aikin masu hular nan ya zo."

Ya sa shi ya cire hular bawul ɗin kicin, ya rufe shi ruf, sa'an nan ya buɗe kwata ɗaya na zagaye kawai. Na falo da na zaure, kusan rabi. Na ɗakunan bene, zagaye ɗaya ko fiye. Na can sama aka bar shi a wangale. Bayan kowane gyara sai a jira, a taɓa bututun shiga da na fita a ji bambanci, a ƙara ko a rage. Aikin ya ɗauki fiye da awa guda, kuma babu abin da aka saya dominsa. Abin mamaki ga Malam shi ne, kicin da falo ba su rasa kome ba. Ɗuminsu na nan, abin da aka hana su rara ce da dama ba sa amfani da ita. Wajen ƙarfe 9 na dare ya sake hawa, ya ɗora hannu, ya yi saurin janyewa.

Daga baya Malam ya sha yin tunani a kan shaidu biyun da ya dogara da su. Ma'aunin zaure bai yi ƙarya ba, zafin zaure ya faɗa, shi ne ya ɗauki adadin wuri ɗaya ya yi wa gida duka hukunci, kuskuren da yakan ja kunnen ɗalibansa a kai tun a makon farko. Hajiya ma ba ta yi ƙarya ba. A Hausa "ya sanyi?" gaisuwa ce, siffarta kawai ta tambaya, kuma amsarta a tanade take tun kafin a furta ta. Ko mara lafiya da ke kwance aka ce masa "ya jiki?" cewa zai yi "da sauƙi". Balle kuma suruka a gidan mijin 'yarta, wadda kawaici ya hana ta ko da kiran sunansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane mai ɗaki ne al'ada ta yarje wa ya faɗa ba. Hasali ma, sau da yawa wanda ya fi nisa da tukunya shi ne ya fi kowa shiru. Da aka koma karatu a watan Janairu, Malam ya lura cewa "akwai mai tambaya?" da yake rufe lacca da ita, ita ma ta daɗe da zama gaisuwa, kuma 'yan sahun gaba ne kullum ke amsa ta. Tun daga nan ya daina tsayawa a gaban allo kawai. Yakan taka har sahun ƙarshe ya duba abin da ke cikin littattafansu.

Washegarin aikin Hajiya ta koma ɗakinta. Da safe ta sauko, Malam ya rusuna a bakin ƙofa.

"Hajiya, ina kwana? Ya sanyi?"

"Lafiya lau, Malam. Lokacinsa ne."

Amsar ba ta canja ba, kuma bai sa ran za ta canja ba. Amma ya riga ya naɗa 'yarsa wakiliya: kullum bayan isha'i takan hau ta taɓa ƙarfen, ta karanto masa lambar da ke kan ma'auni. Ita ce ta kawo labarin cewa Kaka ta mayar da kan bawul ɗin daga 3 zuwa 4 da kanta, ta kuma cire zanen da ke ƙasan taga. Tarin ma ya lafa cikin 'yan kwanaki. A ranar Lahadin kuwa, ba tare da ta shawarci kowa ba, Hajiya ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zuba a kwanon da ya fi kowanne kyau a gidan, ta ba yarinyar ta kai wa tsohon nan na maƙwabta.

Bayan an yi arba'in ta shirya komawa gida. A filin jirgin sama na Mancesta ta yi wa jikokinta addu'a, ta yi wa Malam godiya irin wadda aka saba, idonta na kallon ƙasa. Sai da suna hanyar dawowa matarsa ta isar masa da saƙon da aka bar mata: "Ta ce in gaya maka, ranar da kuka yi aikin nan ta ga hannunka ya faɗa. Ta ce Allah ya ba ka masu yi maka."

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai ne suka haɗu suka hana ɗumi isa ɗakin can sama?
2. Bayyana bambancin aikin bawul mai sarrafa kansa da na bawul mai hula.
3. Me ya sa tsohon ya hana Malam ƙara wa tukunya wuta?
4. Kawo gaishe-gaishen Hausa guda 5 masu siffar tambaya, tare da tanadaddun amsoshinsu.
5. Tsamo kalmomin aro guda 10 daga wannan rubutu, ka nuna yadda Hausa ta sarrafa kowacce.